Gulbi da Daji: Tarihin Wasan Ruwa da Farauta a Ƙasar Maraɗi

Maraɗi ba ta da teku. Mai son ganin teku daga nan sai ya ci hanya fiye da kilomita 1,000 zuwa Legas ko Kwatano, rairayin Tenere kuma yana can arewa, bayan Agadas. Wuraren shaƙatawar da samarin garin suka gada biyu ne: gulbin da ke kwance yamma da gari, da dajin da ya kewaye shi a da. Kowanne da lokacinsa. Yuli da Agusta, watannin da Turawa ke tururuwa bakin teku, su ne tsakiyar damina a nan, lokacin da gulbi ke kawo ruwa. Da bazara kuwa, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 jiki na neman ruwa ido rufe, ba abin da ke cikin gulbin sai yashi. Shi ya sa wasan ruwa ya zama na damina da kaka, shiga daji kuma na rani.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa. Yana shigowa Nijar ta wajen Jibiya, ya miƙe arewa ta gefen Madarunfa da Jiratawa, ya wuce Maraɗi da Tibiri, sannan ya karkata yamma ta Gidan Rumji ya koma Najeriya, ya zube cikin gulbin Rima. A fadamarsa aka kafa garuruwan nan. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan da aka kora suka yi ta gudun hijira, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Su Tsibiri suke kiran garin nasu, kalmar da Bahaushe ke kiran tudun da ruwa ya kewaye. Tsohuwar Maraɗi a cikin fadama take da ganuwarta, yaro ba ya bukatar guzuri kafin ya isa bakin ruwa.

Gulbin yana iya kawowa ko da ba a yi ɗigo a Maraɗi ba, muddin an sha ruwa a kudu. Ruwan farko ja ne, mai kumfa, ɗauke da kara da itace da duk tarkacen rani, kuma manya ba sa barin kowa ya shiga. Sai ya kwana biyu ya lafa, yara su sauko gungu-gungu, kowace unguwa da mashigarta. A rataye riguna a reshe. Ƙanana su tsaya inda ruwa bai wuce cibiya ba suna facal-facal, manya su hau gaɓa suna tsunduma, ana tseren ƙetarewa, ana gasar kurme a ga wanda zai fi daɗewa bai ɗago ba. Wanda bai ƙware ba ya rungumi gora ya bi ayari. Ba malami ba makaranta: yaro na koyon iyo ne daga wansa da abokan wansa, da shan ruwa, da shan dariya. Wanda igiyar ruwa ta ja, aka tsamo shi can ƙasa yana tari, ya sami sunan da zai bi shi har ya yi gemu. Da ma an ce iya ruwa fidda kai. Can gefe mata na wanki, makiyaya na shayar da dabbobi, manoman da gonakinsu ke ƙetare na ɗora kaya a ka su ratsa.

Ruwan yana da masu shi. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana nazarin mutanen wannan kwari har ya wallafa babban littafi a kansu a 1975, ya nuna yadda Anna, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, suka kasu gida-gida bisa gado: akwai gidan noma, akwai na harbi, da na ƙira, da na su. Sarkin ruwa daga gidan masunta yake fitowa. Shi ake nema idan wani ya nutse, shi ke da maganin ƙayar kifi, shi ne kuma ake ganin yana da jituwa da iskokin ruwa. Idan gulbi ya janye ya bar tafkuna a fadama, sai ya sa musu takunkumi har kifi ya girma, sannan a sa ranar su. Rannan gari ke watsewa. Maza su jeru a baki da koma hannu biyu, gora ɗaure a ƙugu, makaɗa na zuga su, da an ba da izini a auka gaba ɗaya, ruwa ya koma taɓo. Tarwaɗa da karfasa ake kamawa, yara kuma su bi gefe da ƙwarya suna tsintar abin da ya kuɓuce. Gaiwa ba ta shiga wannan lissafi: ita takan shige laka ta kwanta, sai da rani a haƙo ta daga busasshiyar ƙasa. Irin wannan su ne ya girma ya zama bikin Argungu tun daga 1934, can ƙasa a kan ruwan da na Maraɗi ke zubawa ciki. A nan bai taɓa zama abin kallon baƙi ba, miya ake nema, nishaɗi ya biyo baya.

Wankan yana da ladansa mara daɗi. Tsargiya, fitsarin jinin da ake kamuwa da shi daga ruwan da ke da ƙananan dodon koɗi, ta yawaita tsakanin yara maza har wasu iyaye kan ɗauke ta alamar balaga. Kurkunu kuma daga shan ruwan tafki yake shiga, ya kwantar da manomi a tsakiyar damina. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu. Tsargiya na nan.

Labarin daji dabam ne. A ƙarni na 19 ba wurin wasa ba ne. Dajin da ke tsakanin Maraɗi da Katsina da Zamfara filin yaƙi ne, ta cikinsa mayaƙan Maraɗi da Tibiri ke kai hari kudu, ta cikinsa kuma ake mayar musu da martani. A 1851, lokacin da Adolf Overweg ya ziyarci Maraɗi da Gobir, abokin tafiyarsa Heinrich Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina, ayarin da yake ciki ya ratsa dajin cikin ɗar-ɗar. Mutane a takure suke bayan ganuwa da cikin kwari, namun daji suka sami sarari. Masu shiga can ciki su ne maharba, da baka da kibiya mai dafi da layu, kuma harbi gado ne, ba kowa ke taɓa shi ba.

Abin da ya zama na kowa shi ne farauta, ita ma sai an yi buɗin daji. Manoman wannan ƙasa suna da nasu lissafin watanni, wanda damina ke faɗuwa a watan bakwai. A watan huɗu, cikin hunturu, shugabannin Anna da maharba ke fita su yi yanka, su duba abin da shekara za ta zo da shi na ruwa da amfani da annoba, sannan a buɗe daji. Daga nan samari ke sa rana. Tun da asuba ganga ke tashe su, kowa da ƙere ko gora ko barandami, karnuka a gaba, gumba a cikin burgami. Ƙauye biyar ko goma kan haɗu a mahaɗar da aka ajiye, a baje layi mai tsawo ana kutsawa cikin sabara da geza ana ihu. Zomo ya tashi, ƙere goma su bi shi. A nan rigima take: wane ne ya fara jifa, karen wa ya kama? Sau da yawa ba gaskiya ke raba gardama ba, ƙarfi ne, shi ya sa farauta ta zama fagen ƴan tauri, masu goga wuƙa a ciki suna kirari. Zomon da aka yi wa kaca-kaca wajen jayayya ba ya kai tukunya, amma wanda ya shigo gari da kansa a rataye ya gama samun abin da ya fita nema. Zabo da gafiya da damo da gada su ne abin yau da kullum, barewa kuwa sai mai rabo. A hanyar dawowa a kaɗo magarya da kanya, a gwagwiyi goruba, ƴan mata su tarbi ayari a bakin gari.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari a farkon rabin ƙarni na 20. Na farko zaman lafiya. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare bayan zuwan Faransawa, mutane suka fito daga kwari suka bazu kan jigawa suna saran daji, noman gyaɗa ya ƙara ingiza su, har aka wayi gari gona ta haɗe da gona daga wannan ƙauye zuwa wancan. Na biyu ambaliyar 1945, wadda ta rushe tsohon garin. Hukumar mulkin mallaka ta mayar da Maraɗi kan tudu, aka shata mata tituna miƙaƙƙu. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Maradawa da Ɗan Gulbi suka hau da sunayensu, su ne kuma har yau suka fi kusa da gangare. Amma garin gabas da arewa da kudu ya yi ta faɗaɗa, yana ba gulbi baya. A ƙidayar 2012 mutanensa sun haura 267,000, kuma da yawan yaran sababbin unguwanni sun girma ba su taɓa tsoma ƙafa a gulbin da ake kira da sunan garinsu ba.

Bayan samun ƴancin kai hukuma ta sa hannu cikin wasannin samari. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau a 1974, ta farfaɗo da samariya ta mai da ita ƙungiyar ƙasa, ta kuma ɗauko kokowa daga dandalin kaka ta yi mata gasar takobi. A karon farko, a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi Yakuba Kantu ne ya ɗauke takobin, filin kokowar garin ma sunansa yake ɗauke da shi. Farauta da su ba su sami irin wannan gata ba. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarasa abin da gatari ya rage na namun daji, sannan dokar farauta ta 1998 ta ɗaure abin da lasisi da ƙayyadadden lokaci.

Gulbin kansa ya rage ƙarfi. Madatsar Jibiya tana tare ruwan tun kafin ya ƙetaro iyaka, ko da yake ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai. Malalar da ke cika tafkunan fadama ta ragu, wuraren su da dama suka koma lambuna da gonakin mangwaro. A Jiratawa, garin da aka sani da ginin tukwane, an buɗe filin noman rani na kimanin hekta 500 a farkon shekarun 1980, wanda ke shan ruwan rijiyoyin burtsatse da injin lantarki. An yi shi don noma, sai ga shi ya ba yaran wurin abin da kakanninsu ba su taɓa samu ba: ruwan wanka a tsakiyar bazara, cikin magudanar siminti, ido ɗaya na kan mai gona.

Ruwan da ya rage mai faɗi shi ne tafkin Madarunfa, kilomita ashirin da ɗoriya kudu da Maraɗi, wanda gulbin Gabi ke ciyarwa. Yana faɗaɗa da damina, ya tsuke da rani, masunta na aiki a cikinsa da jiragen ruwa da taru. Tun da daɗewa wurin ziyara ne saboda kaburburan waliyyai 99 da aka ce suna kewaye da shi, musamman a lokacin Mauludi. A 2006 Nijar ta sa tafkin da gandun dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Nan ne abin da ya fi kama da bakin teku ga ɗan Maraɗi na yau. Tun daga shekarun 1990 samarin birane suka koma zaman fada, kowace fada da sunanta da butar shayinta, kuma fitar fada zuwa Madarunfa da sallah ko a dogon hutun makaranta ta zama abin yi: a yi karo-karo, a hau babura, a shimfiɗa tabarma a inuwa, a sayi soyayyen kifi, a dafa shayi na ɗaya da na biyu da na uku, a biya mai jirgi ya zaga da mutane a ɗauki hoto da waya. Mafi yawansu ba su iya iyo ba. Hare-haren ƴan bindiga da suka addabi ƙauyukan kan iyaka a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, har dubban ƴan gudun hijira suka shigo daga Najeriya a 2019, sun sa dajin Baban Rafi da kewayensa sun sake zama wurin da ake shiga da ɗar-ɗar, kamar zamanin Barth.

Hamada kuwa hanyar fatauci ce a wurin Bamaraɗe. Ita ke zuwa masa: ayarin Buzaye kan sauko da kantun gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, su yi musaya da gero, su yi rani da raƙumansu a gonakin Hausawa. Shiga rairayi don nishaɗi Turawa suka zo da shi, ya bunƙasa a Agadas bayan da tseren motocin Paris-Dakar ya fara ratsa Nijar a 1979, aka kuma sa Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991. Tawayen shekarun 1990 da na 2007 suka durƙusar da harkar. Maraɗi zango ce kawai ga masu wucewa.

Abin da jihar Maraɗi ke da shi mafi kusa da wannan shi ne gandun Gadabeji, arewa da Dakoro, inda noma ke ƙarewa ƙasar kiwon Fulani da Buzaye ta fara. An keɓe shi a 1955 da faɗin hekta 76,000, UNESCO kuma ta amince da shi a 2017. Raƙuman dawa sun ɓace daga wurin tun shekarun fari. A Nuwamban 2018 aka ɗauko guda takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a mota, aka sake su a can. An haramta farauta a gandun baki ɗaya, mai son shiga kuma sai ya bi ta hannun ma'aikatan gandun daji.