Nahawu a Tafin Hannu: Daga Holan zuwa Tudun Maliki

Yaro a gida yake tsintar nahawu, tun kafin ya taka ƙofar makaranta. Ɗan Bahaushe yana rarrabe "ya tafi" da "ta tafi", yana jan wasali ya bambanta garin tuwo da garin zama, alhali babu wanda ya karantar da shi. Irin waɗannan ƙananan sautuka ne suke fara kuɓuce wa yaron da jinsa ya raunana. Haka abin yake a ƙasar Holan: can yaran sukan yi tuntuɓe a ɗafa-ƙeyar aikatau, da wajen zaɓi tsakanin de da het, kalmomi biyu masu nuna jinsin suna.

Holan ta daɗe tana fama da wannan batu. A 1790 Henri Daniel Guyot ya buɗe makarantar kurame a Groningen, inda ake koyarwa da alamun hannu. A 1880 taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya ya yanke cewa a koma ga karanta leɓe da furuci, a ajiye hannu. Makarantun Holan suka bi sahu, yara suka riƙa cinye ƙuruciyarsu wajen kwaikwayon sautin da ba su taɓa ji ba. A 1953 Bernard Tervoort ya nazarci yadda yaran makarantar Sint-Michielsgestel suke zance da hannu a tsakaninsu, ya nuna cewa zancen nasu yana da tsari. Duk da haka, sai a 2020 majalisar ƙasar ta amince da harshen kuramenta a hukumance.

Ƙasar Hausa ta bi wata hanya dabam. Kurame sun gaji maganar hannu daga juna, masu ji da dama kuma suna taɓa ta a kasuwa da cikin unguwa. A 1960 Andrew Foster, kurma baƙar fatar Amurka, ya kafa makaranta a Ibadan da alamun ƙasarsu, waɗanda suka bazu a makarantun kuramen Nijeriya. A 1977 aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. A 2000 kuma Constanze Schmaling ta wallafa littafinta kan maganar hannu, ta fayyace cewa harshe ce mai ƙa'idojinta.

Abin da wannan tarihi ya tabbatar shi ne, rashin samun harshe da wuri ne yake tauye nahawun yaro, ko ta baki harshen zai zo ko ta hannu. Sanƙarau, irin wanda ya ratsa Kano a 1996, da ƙyanda suna barin yara da kurumta. Yaron da hakan ta same shi yana goye a Lausu, ko a wani ƙauyen Rano ko Kibiya, kafin a kai shi makaranta a birni shekarun da harshe ke kafuwa sun kusa wucewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka da zarar uwa ta lura tana kira ɗanta ba ya waiwaye, a kai shi asibiti a auna jinsa, a kuma nemi babban kurma a gari ya fara koya wa mutanen gidan maganar hannu.