Kirarin da Ya Cinye 'Yan Makaranta a Ƙasar Japan

Duk wanda ya zauna ajin tarihi ya san Yaƙin Duniya na Biyu bai tsaya a Turai kaɗai ba. Ya kai har gabas mai nisa, inda mazan jiya namu, wato 'yan Bama, suka gwabza da Japanawa a dazuzzukan Kaladan da Arakan a 1944 da 1945. Abin da ya fi ɗaure wa sojojin ƙawance kai shi ne, sojan Japan ya gwammace ya mutu da ya ɗaga hannu a kama shi. To, wannan hali dasa musu shi aka yi, kuma a makaranta aka fara dashen.

A 1882 Sarki Meiji ya yi wa sojojinsa wasiyya, inda ya nuna musu cewa aikin da ke wuyansu ya fi dutse nauyi, mutuwa kuwa ba ta kai nauyin gashin tsuntsu ba. A 1890 sai ya fitar da wata ta makarantu. Ranar biki hedimasta yakan sa farin safar hannu ya karanta ta a gaban hoton Sarki, yara sun sunkuyar da kai, har sai kowa ya haddace ta. A ciki an umarci yaro ya miƙa kansa ga ƙasa duk ranar da ta shiga wani hali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da yaƙi ya kunno kai, sai jaridu suka karɓi aikin. A watan Fabrairu na 1932, a faɗan Shangai ta ƙasar Sin, wasu sojoji uku suka ɗauki dogon bam don fasa shingen waya, ya tashi da su. Nan da nan aka yi musu laƙabi da "jarumai uku na bam", aka yi gasar waƙa, aka yi finafinai, aka kafa musu gumaka, aka sa labarinsu a littattafan firamare. Daga baya masu bincike suka nuna cewa da alama lagwanin bam ɗin ne ya gaza, amma a lokacin wa ya isa ya faɗa?

Bayan yaƙi da Sin ya yi tsanani a 1937, gwamnati ta kafa gangamin zaburar da zukatan jama'a. A 1940 aka cika titunan Tokiyo da alluna masu cewa "Almubazzaranci abokin gaba ne." Wani mai ƙarfin hali ya ƙara harafi ɗaya tak a jikin allon, ma'anar ta koma "Almubazzaranci abin sha'awa ne." A 1942 manyan jaridu suka yi gasar take, wanda ya fi shahara shi ne "Ba mu son kome sai mun yi nasara." Aka ce wata yarinya 'yar firamare ce ta ƙago shi, ashe mahaifinta ne ya rubuta ya aika da sunanta.

A fagen fama kuwa, a watan Janairu na 1941 Janar Hideki Tojo, wanda yake ministan soja a lokacin, ya fitar da ƙa'idar da ta hana soja ya rayu cikin kunyar zama fursuna. Wanda aka koya wa cewa kamu abin kunya ne, yaya zai ga mutuncin wanda ya kama? Fursunonin yaƙi da mutanen Sin da na sauran ƙasashen da aka mamaye sun ɗanɗana kuɗarsu. A watan Mayu na 1943, a tsibirin Attu, aka gama da rundunar da ta haura mutum 2,000, waɗanda aka kama da rai ba su kai 30 ba. Maimakon a ce an sha kashi, sai hukuma ta kira abin "gyokusai", wato farfashewar dutse mai daraja.

A watan Oktoba na 1943 aka soke rangwamen da ya hana ɗaukar yawancin ɗaliban jami'a aikin soja. Ran 21 ga watan aka yi musu faretin bankwana a Tokiyo cikin ruwan sama. Da shekara ta zagayo, a yaƙin Leyte na ƙasar Filifin, Admiral Takijiro Onishi ya kafa rundunar "kamikaze", wato iskar allahntaka, sunan guguwar da ta tarwatsa jiragen ruwan Mongol a ƙarni na 13. Matuƙi zai ɗauki bam ya rafka jirginsa a kan jirgin ruwan Amurka. Kimanin matuƙa 3,800 suka mutu ta haka, da yawansu ɗaliban jami'a ne da samari 'yan ƙasa da shekara 20. An ce da son ransu suka je, amma ina saurayin da zai ce a'a a gaban kwamanda da abokan ajinsa?

'Yan mata ma ba su tsira ba. A yaƙin Okinawa na 1945 aka kwashi ɗalibai mata 222 da malamai 18 daga makarantu biyu, waɗanda aka sani da Himeyuri, su yi jinyar sojoji a cikin koguna. Ran 18 ga Yuni aka sallame su a tsakiyar ruwan wuta, kowa ta yi ta kanta. Daga cikin su 240, mutum 136 ba su koma gida ba. A lokacin taken ƙasa ya zama mutum miliyan 100 su farfashe tare.

Ran 15 ga Agusta 1945 Sarki Hirohito ya sanar ta rediyo cewa an ajiye makamai. Washegari Onishi ya kashe kansa. Tojo kuwa, mai hana a kama soja da rai, ya harbi kansa bai mutu ba, aka kama shi, aka yi masa shari'a, aka rataye shi a 1948. Japan ta yi asarar rayuka kimanin miliyan 3 da dubu 100, kuma wani masanin tarihinsu, Akira Fujiwara, ya ƙiyasta cewa fiye da rabin sojojin da suka mutu yunwa da cuta ne suka kashe su. Babu allon da aka taɓa rubuta wannan a kai. Da aka koma aji, malaman da suka koyar da kirarin nan su ne suka sa yara shafe shi daga littattafai da baƙar tawada.

Jama'a, son ƙasa abu ne mai kyau, sadaukarwa kuma halin mazaje ce. Amma duk taken da ya mai da ran yaro araha, ya kuma hana shi tambayar dalili, to a duba bakin wanda ya ƙago shi, a ga ko shi ma zai shiga jirgin. Malaman Japan sun gane haka bayan ƙasa ta rufe idon ɗalibansu, shi ya sa a 1951 ƙungiyarsu ta ɗauki nata taken: "Kada mu sake tura ɗalibanmu fagen fama." Allah Ya saka wa malamanmu da suka koya mana yin tambaya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.