Bayani a kan 17296 da abokinsa

Ka sani, ya kai ɗalibi, kwafe biyu na wannan littafi sun saɓa a wannan ganye. Na Madawa ya kawo 17296 da 18416, na Keita kuwa 17296 da 18461. Na tabbatar da na farko a matani, ga hujjata.

Malaman hisabi sun kasa adadi uku gwargwadon sassansa, wato lambobin da ke raba shi ba saura, ban da shi kansa. In jimlar sassan ta yi daidai da shi, sunansa tammu, kamar 6 da 28. In ta zarce shi, za'idi ne. In ta gaza, naƙisi ne. Adadi biyu kuma da sassan kowanne ke haifar da ɗan'uwansa, su ake kira mutahabbani, wato masoya. Mafi ƙanƙantarsu 220 da 284, waɗanda Ibnu Khaldun ya ambata a Muƙaddima wajen zancen masu ɗalasimai.

Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza shekara ta 288 Hijira (901), shi ya kafa ƙa'idar fitar da su. Ga yadda take aiki a nan. Ɗauki 24 da 48, ka buga su, 1152. Cire ɗaya daga kowanne: 23, 47, 1151. Duka ukun ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, sharaɗin ke nan. To 16 sau 23 sau 47 shi ne 17296, 16 sau 1151 kuma 18416. Kamaluddin Alfarisi ya kawo waɗannan biyun a farkon ƙarni na 8 na Hijira, ana kuma jingina su ga Ibnul Banna na Marrakush, wanda ya rasu 721 (1321). Farma na Faransa bai kai gare su ba sai 1636.

Gwada da kanka a allo. Sassan 18416 su ne 1, 2, 4, 8, 16, 1151, 2302, 4604, 9208. Jimlarsu 17296 cif, don haka shi naƙisi ne, abokinsa za'idi. Amma 18461 wutiri ne, ko 2 ba ta raba shi, balle 16. Alƙalamin mai kwafa ne ya musanya 1 da 6.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira 1154 (1741), ya wallafa littafi a kan wafaƙi, inda kowane layi dole ya ba da jimla ɗaya. Kuskuren kalma nahawu ke kama shi, na lamba kuwa sai hisabi. Almajirin Adar da ya saba kwafar adadi bai auna ba, haka zai yi ranar da aka sa shi rabon gado, inda musanya lamba biyu ke cin haƙƙin maraya. Allah shi ne mafi sani.