Wayar da Kan Matasa Game da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Ƙauyukan Fau na Jihar Gadarif

Garin Fau, wanda ke kan hanyar Wad Madani zuwa Gadarif a gabashin Sudan, shi ne cibiyar shirin noman rani na Rahad da aka fara a ƙarshen shekarun 1970. A gefen gonakinsa na auduga da gyaɗa da dawa ake samun kambo, wato matsugunan 'yan ƙwadagon gona, inda mutane ke zaune ba tare da mallakar fili ba, galibi kuma nesa da asibiti. Cikin mazauna irin waɗannan wurare akwai Hausawa, jikokin waɗanda hanyar aikin hajji ta zaunar a ƙasar.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya iso ƙofar Fau ne bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disamba na shekarar, lokacin da 'yan gudun hijira suka kwararo gabas, makarantu suka koma masaukinsu, garin kuma ya zama bakin daga. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 5 a yankunan rikici na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, irin su ciwon damuwa mai tsanani da firgicin bayan masifa, wato halin da abin da mutum ya gani ke dawo masa a farke da a mafarki.

Saurayin da barci ya ƙaurace wa, yake zabura da ƙarar babur, ko budurwar da ta daina cin abinci ta koma kwanciya a ɗaki, ba asibiti ake fara kai su ba. Wurin faki ake zuwa, malamin khalwa, wadda ita ce tsangayar Sudan, a karɓo mihaya, wato rubutun allo da ake wankewa a sha. Wasu iyaye mata kuma sukan nufi masu zar, al'adar da ta yi kama da bori. Tsoron kada a ce gidan wane akwai mahaukaci, har auren 'ya'yansu ya lalace, shi ke sa a rufe maganar sai ciwo ya ci ƙarfin yaro.

Wannan maƙala na ganin kuskure ne babba a shirya wayar da kai a bar malaman nan a waje. Dakta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda ya rasu a 1970, ya yi aiki tare da shehunan addini maimakon ya yi gaba da su, domin ya fahimci cewa su ne jama'a suka amince wa. Abin da ya fi dacewa da Fau shi ne a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci bisa tsarin mhGAP na 2008, wanda ke koya wa waɗanda ba ƙwararru ba gane larura da ba da taimakon farko, sannan a koya wa malaman khalwa alamomin da ke wajabta tura yaro asibiti, musamman maganar kashe kai. Wajibi ne kuma bayanin ya isa kambo da Hausa tare da Larabci, ta bakin matasan wurin da kansu.