Sharhin Bogi da Damfarar Sayayya ta Intanet: Yadda Abin Yake da Tanadin Doka

Damfarar sayayya ta intanet ita ce a karɓi kuɗin mutum a kan kayan da ba za a aiko masa ba, ko a aiko masa da abin da bai kai wanda ya gani a hoto ba. Babban makaminta shi ne sharhin bogi, wato yabon da mai haja ke rubuta wa kansa da sunayen aro, ko ya biya wasu su rubuta, domin mai saye ya ɗauka shaidar jama'a ce.

Yadda cinikin ke gudana

Kamfanonin Jumia da Konga sun fara aiki a Najeriya a 2012, amma a garuruwa irin su Kontagora ta Jihar Neja, ciniki mai yawa a WhatsApp da Facebook da TikTok ake ƙulla shi. Mutum zai ga shadda ko atamfa da aka ce daga Kantin Kwari na Kano take, ya tura kuɗi, sannan ya jira direba ya kawo saƙo tasha. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya ƙara sabar wa jama'a biya ta waya.

A kasuwa, mai saye yana taɓa kaya, ya kuma san rumfar da zai koma idan an cuce shi. A intanet kuwa cinikin biri a sama ne, don haka yabon wasu ne ke maye gurbin gani da ido. Wannan giɓi macuta ke cikewa da hotunan hirar “abokan ciniki” na ƙarya, da mabiyan da aka saya, da shafukan da ke jera “kaya mafi inganci” alhali lada suke karɓa a kan duk cinikin da aka yi ta hanyarsu.

Alamomin da ake gane su

Daga ciki akwai farashin da ya yi araha fiye da kima, da yabo mai kama da juna da aka zuba cikin kwanaki kaɗan, da shafin da ya rufe wurin sharhi, da sunan asusun banki da ya saɓa wa na shago, da matsa lamba a biya nan take.

Tanadin doka

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yaudarar mai saye game da kaya. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan zamba ta kwamfuta. A waje ma an tashi tsaye: Amazon ya maka masu kula da zauruka fiye da 10,000 na Facebook a kotu a 2022 kan cinikin sharhin bogi, sannan Amurka ta haramta saye da sayar da shi a 2024.

Matakin da za a ɗauka

Wanda aka damfara ya sanar da bankinsa ba tare da jinkiri ba, tun kafin a kwashe kuɗin. Ya adana rasit da hirarraki da lambar asusun, ya kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC ko FCCPC. Kafin saye kuwa, ya fi dacewa a nemi wani amintacce ya je ya ga kayan, ko a yi yarjejeniyar biya bayan sun iso.