TARIHI: Garaya, Goge da Muryar Dodo, Kiɗan da Ke Ɗauke Hankali a Ƙasar Jama'a da Kewaye



Tun kafin rediyo da lasifika su zo ƙasarmu, mutanenmu sun san cewa sauti yana iya fitar da mutum daga hayyacinsa. Da tsirkiya biyu da ƙwarya da ɗan goran da aka zuba wa tsakuwa, makaɗi kan sa wanda ke zaune lafiya ya fara rawar jiki, idonsa ya juye, muryarsa ta sauya, daga baya ya farfaɗo ya ce bai san abin da ya faru ba. Malamai sun yi bayanin hukuncin bori a addini tun zamanin jihadi, kuma wannan rubutu bai zo don ya sake buɗe wancan babi ba. Tarihi muke son bi: wane irin kiɗa ne wannan, ta yaya ya zo yankin Kafanchan, me ya tarar a nan, kuma me ya sa magabata suka kewaye shi da dokoki masu tsauri.

Yadda Hausawa suka shigo yankin

Daɗaɗɗun hanyoyin fatake sun ratsa kudancin ƙasar Zazzau, kuma a kansu ne garuruwa irin su Kauru da Kajuru da Zangon Kataf suka zama mazaunin Hausawa a tsakiyar Atyap da Bajju da Adara da sauran al'ummomi. Wajen 1810 Malam Usman ya kafa masarautar Jama'a a ƙarƙashin Zazzau. Sai kuma jirgin ƙasa ya zo: wajen 1927 Kafanchan, ƙasar Fantswam, ta zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal da wanda ya nufi Kaduna da reshen da ya hau Jos. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan.

Duk inda Bahaushe ya yi zango, sana'o'insa na biye da shi: mahauci da wanzami da maƙeri da malamin allo, haka nan makaɗi da maroƙi. A cikin makaɗan akwai masu garaya da masu goge, waɗanda a ƙasar Hausa su ne ke yi wa 'yan bori kiɗa.

Kayan kiɗan

Garaya tsirkiya biyu gare ta, ana kaɗa ta da ɗan guntun busasshiyar fata. Asalinta kayan kiɗan maharba ce, da ita ake zuga su a ambaci namun dajin da suka kashe. Goge kuwa rabin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza ko damo, tsirkiyarsa gashin wutsiyar doki, ana goga ta da ɗan baka wanda shi ma gashin doki ne. Muryar goge ta fi kowane kayan kiɗanmu kama da muryar ɗan Adam, tana iya yin kuka tana iya yin kirari. Bayan waɗannan sai 'yan ƙwarya, galibi mata, masu kifa ƙwarya su buga da 'yan sanduna, da masu kaɗa gora ko buta mai tsakuwa, wadda ƙararta ba ta yankewa tun daga fari har ƙarshe.

Wanda ya saurari irin wannan kiɗa da kyau zai lura da abu uku. Ɗan taƙaitaccen sauti ake ta maimaitawa ba iyaka. Saurin bugun yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan yadda mai saurare ba ya ankara. Ƙarar goran kuma tana cika kunne har ta rufe duk wani motsi na waje. A kan wannan shimfiɗa ne mai waƙa ke ɗora kirari.

Kowane iska da takensa

A imanin 'yan bori, iskoki suna da birninsu mai suna Jangare, da gidaje goma sha biyu, da sarkinsu Sulaimanu. Namijin da iska ke hawa ana ce masa doki, mace kuma goɗiya. Kowane iska yana da takensa, kamar yadda kowane basarake ke da nasa a fada, kuma gwanintar makaɗi ita ce ya haddace su da yawa, ya san wanda zai gabatar da wanda zai jinkirta.

Idan aka kaɗa taken Malam Alhaji, dokinsa kan duƙa kamar tsoho, yana tari, yana jan carbi. Idan na Ɗan Galadima ne, sai a ga tafiyar ƙasaita da son ado da turare da rabon kyauta. Dokin Kuturu kan dunƙule yatsu yana korar ƙudaje. Akwai Inna, wadda ake kira Doguwa, da Sarkin Rafi, da Kure, da sauransu. Duk wanda ya duba jerin nan da idon tarihi zai ga hoton al'ummar Hausa ne cif: malami da ɗan sarki da mai lalura da makiyayi da mahauci, har da baƙi. Da Turawa suka zo, sai ga iskokin Turawa da na soja sun shiga layi.

Ba kowa ke faɗawa fage ba. Sai wanda aka yi wa girka, wato aka tsare shi kwanaki a hannun manyan bori ana ba shi magunguna na sassaƙe da hayaƙi, ana koya masa yadda zai karɓi iskansa. Yawancin masu shiga rashin lafiya ce ta kai su. A fage akwai shugaba, Sarkin Bori ko Magajiya, akwai masu kula da ke riƙe doki kada ya ji rauni, su rufa masa asiri idan tufafinsa sun zame. Akwai kuma hanyar fita: idan iska zai tafi, doki kan yi atishawa, a lulluɓe shi da zane, a jira ya dawo hayyacinsa. Makaɗin da ya tayar da abin shi ke da alhakin saukar da shi.

Wani masani ɗan Faransa, Gilbert Rouget, ya wallafa littafi a 1980 kan kiɗa da gushewar hayyaci a al'ummomin duniya. Abin da ya cimma shi ne, sauti shi kaɗai ba ya kayar da mutum kamar yadda maganin barci ke yi. Mutum ɗari za su ji take guda, amma wanda ya tashi a cikin abin, ya yarda da shi, aka horar da shi, shi ne zai faɗi. Makaɗin da ya fi kowa kusa da sautin yana nan daram yana aikinsa. Masu garayar ƙasar Hausa sun riga shi sanin haka, shi ya sa suke duban fuskar doki kafin su zaɓi taken da za su kaɗa.

Abin da aka tarar a kudu

Al'ummomin da Hausawa suka tarar suna da nasu ilimin sauti, kuma ya sha bamban da bori. Atyap da Bajju da Agworok na Kagoro suna da abin da suke kira Abwoi ko Abvoi, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Dodo. Shi Dodo jin sa ake yi. Da dare murya mai ban tsoro kan fito daga ɗakin tsafi ko daga kurmi, a matsayin muryar kakanni, tana yanke hukunci, tana tsawatar wa masu laifi, tana sanar da lokacin bukukuwa. C. K. Meek, a littafinsa na 1931 kan al'ummomin Arewa, ya bayyana cewa ana yin muryar ne ta hanyar magana a cikin bututu da aka toshe bakinsa da yanar gizo-gizo, sai muryar mutum ta koma wata irin gurnani mai karkarwa. Mazan da aka shigar ne kawai ke sanin sirrin, an kuma hana mata da yara sani.

A bori iska ke hawa mutum a bainar jama'a, kowa na kallo. A Dodo kuwa mai maganar a ɓoye yake, jama'a ce gaba ɗaya sautin ke kamawa. Duka biyun suna da shugabanni da lokaci da haddi.

Ban da Dodo, akwai kiɗan taro na ganguna da ƙahonin namun daji da sarewa, inda kowane mai busa ke riƙe da ɗan yankinsa na sautin, sai an haɗa su waƙa ta cika. Ana jin ragowar wannan har yau a bikin Afan na Kagoro, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu, da bikin Tuk Ham na mutanen Ham a Kwoi. Wanda ya taɓa tsayawa cikin da'irar masu rawa na sa'o'i, ƙura na tashi, ƙafafu na sauka lokaci guda, ya san yadda gajiya ke gushewa mutum ya manta da kansa.

Daga Jama'a zuwa Tunis

Wani abin da 'yan yankin nan da yawa ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan da aka rubuta kan bori yana da alaƙa da ƙasar Jama'a. Wani jami'in mulkin mallaka, A. J. N. Tremearne, ya yi aiki a nan a shekarun farko na mulkin Turawa, ya kuma rubuta littafi a 1912 kan Kagoro da maƙwabtanta, littafin da ke cike da raini irin na Turawan lokacin. A 1913 ya fitar da wani kan tatsuniyoyi da al'adun Hausawa. Da yake gwamnatin Turawa ta hana wasan bori a Arewa, sai ya bi sawunsa har Tunis da Tarabulus, inda ya tarar da Hausawa, yawancinsu bayi da aka ƙetara Sahara da su ko 'ya'yansu, suna kaɗa wa iskoki masu sunaye irin na gida. Sakamakon tafiyar shi ne littafinsa na 1914, The Ban of the Bori.

An haramta bauta a Tunisiya a 1846, amma kiɗan ya zauna. Yau ana kiransa Stambeli, kuma har yanzu akwai kalmomin Hausa da na Barebari a cikin waƙoƙinsa, ko da masu rerawar ba su jin harsunan. Wani gida da ya yi suna wajen riƙe shi sunansa Dar Barnu, wato Gidan Barno. A Maroko akwai ɗan uwansa Gnawa, mai babbar molo ta tsirkiya uku da ƙarafan kaɗawa. Tun 1998 ake yi masa biki duk shekara a birnin Essaouira, a 2019 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Turawa da Amurkawa masu neman kiɗan da zai ɗauke musu hankali ba tare da na'ura ba suna tururuwa can, alhali wani reshe na tushen abin yana ƙasar Hausa.

Yadda addini ya sauya akalar

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa sun yi yaƙi da bori. A Gobir ta dā, Inna, babbar mace a gidan sarauta, ita ce shugabar bori. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta fahimci cewa hani kaɗai ba zai raba mata da abin da suka saba samun sauƙi a cikinsa ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajis masu bi ƙauye-ƙauye suna koyar da mata addini ta hanyar waƙoƙin da ake rerawa a haddace. Duk da haka bori bai mutu ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda matan zamaninta ke komawa gare shi idan ciwo ko rashin haihuwa ya dame su.

A ɓangaren ɗariƙu, Ƙadiriyya ta riƙe bandiri wajen zikiri da bege, kuma Shaihu Nasiru Kabara na Kano, wanda ya rasu a 1996, ya yi rubutu yana kare halaccinsa. Manufar ta sha bamban da ta bori nesa ba kusa ba, domin a nan ambaton Allah ake yi, sai dai mabiya sun san halin da maimaici da bugu kan jefa zuciya, kuma suna da muƙaddami mai lura da halƙa. A kudu kuwa, mishan ta SIM ta sauka Kwoi a 1910, daga baya ta kai Kagoro, kuma yaɗuwar Kiristanci ta raunana Dodo ƙwarai. Amma tulu da caki da ganga sun sami sabon gida a hannun Zumuntar Mata, masu rera waƙoƙin coci da Hausa.

Abin da ya rage mana

Yau masu garaya da goge sun yi ƙaranci a garuruwanmu. DJ ya karɓe biki, piyano ta karɓe sutudiyo, 'ya'yan makaɗa sun kama wasu sana'o'i. Neman fita daga hayyaci kuwa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, sai dai ya koma kwalba da ƙwaya. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma tiramol da sholisho da zaƙami suna nan suna cin matasanmu, Musulmi da Kirista. Zaƙami, wanda magabata suka yi wa suna haukata-yaro don gargaɗi, guba ce da ke iya kisa.

Duk abin da mutum zai ce game da fagen bori ko ɗakin Dodo, waɗanda suka kafa su sun ɗauki gushewar hankali a matsayin abu mai haɗari da ba a barin mutum ya shiga shi kaɗai. Akwai babba a wurin, akwai mai riƙewa, akwai lokacin tashi. Yaron da ya shige kango da kwalba ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Ba sai mun koma ga abin da addinanmu suka hana ba kafin mu ɗauki wannan darasi: mai damuwa yana bukatar jama'a a kusa da shi, da dattijon da zai lura, da asibiti idan abin ya kai ga haka.

Sauran aikin na adana tarihi ne. Tsofaffin da suka ga waɗannan abubuwa da idonsu a Kafanchan da Jagindi da Zonkwa da Kachia suna ƙarewa. Wanda ke da kaka ko maƙwabci mai shekaru, ya zauna da shi ya tambaye shi su wa ke kiɗa a unguwarsu, da wane kaya, a wane lokaci, ya rubuta ko ya ɗauka a waya. Idan akwai tsohuwar garaya a rataye a zaure, kada a bar gara ta cinye ta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba yankinmu zaman lafiya mai ɗorewa. Amin.