Shekarar da Wurno, Rabah da Goronyo ba su zaɓi gwamna ba

A watan Afrilun 2011, masu zaɓe a Wurno, Rabah da Goronyo sun jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa da ta 'yan majalisa kamar sauran 'yan Nijeriya, amma ba a miƙa musu takardar zaɓen gwamna ba. Dalilin yana cikin sashe na 180 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce wa'adin gwamna shekara huɗu ne daga ranar da ya yi rantsuwa. Bai faɗi wace rantsuwa ba, in an yi biyu.

A Sakkwato kuwa biyu aka yi. Aliyu Magatakarda Wamakko ya yi ta farko ranar 29 ga Mayu 2007. A Afrilun 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ta soke zaɓen a kan yadda aka tsayar da shi takara, aka sake zaɓe a watan Mayu, ya ci, ya sake rantsuwa. Daga wacce za a fara ƙidaya?

Majalisar Tarayya ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa a gyaran farko na 2010: gwamnan da ya sake cin zaɓen da aka soke, za a lissafa masa lokacin da ya riga ya yi. Sai dai gyaran ya zo a makare. Gwamnoni biyar, na Sakkwato, Adamawa, Bayelsa, Kuros Riba da Kogi, suka ce bai shafi abin da ya gabace shi ba, kotunan ƙasa suka yarda da su, hukumar zaɓe ta tsallake jihohinsu.

Ranar 27 ga Janairu 2012 Kotun Ƙoli ta rushe wannan fassara, ta ce wa'adin ya ƙare tun Mayun 2011. Kusan wata takwas ke nan ana mulkin jihar bayan cikar wa'adi, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga yankin da madatsar ruwan Goronyo da fadamun Rima ke jiran hukuncin gwamna a kan taki da hanyoyi. Kakakin majalisar jiha, Lawal Zayyana, ya riƙe kujerar. A Fabrairun 2012 aka buɗe rumfunan zaɓe, Wamakko ya dawo, ya sauka a Mayun 2015.